RA'AYI: Kafin Husufin 2034, Ya Kamata Minna Ta Buɗe Wa Jama'a Daren Kallon Taurari

A farkon watan Afrilun 2024, Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya bayyana ranakun Talata 9 da Laraba 10 ga wata a matsayin hutun Ƙaramar Sallah. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suka ɗaure kaya, masu zuwa Minna da Bida da Kontagora suka kama hanyar Suleja. Da daren Litinin sai sanarwa ta fito daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi cewa ba a ga jinjirin watan Shawwal ba, azumi zai cika talatin, Sallah sai Laraba. Dole gwamnati ta ƙara ranar Alhamis 11 ga wata a kan hutun. Ranar Talata kuwa ofisoshi da bankuna da kotuna suka wuni a kulle, alhali jama'a na cikin azumi.

Babu ma'aikacin da ya yi kuka da ƙarin hutu. Sai dai akwai abin lura a cikin lamarin. A wannan Litinin ɗin, 8 ga Afrilu, aka yi cikakken husufin rana a Meziko da Amurka da Kanada, wanda masana suka san ranarsa da mintinsa shekaru da dama kafin ya zo. Husufin rana ba ya faruwa sai a lokacin da wata ya gitta daidai tsakanin rana da duniya, wato lokacin haihuwar sabon wata. A ranar, hakan ya faru ne da misalin ƙarfe 7:20 na dare agogon Najeriya, bayan rana ta riga ta faɗi daga Maiduguri har Legas. Watan da ba a haifa ba, babu idon da zai gan shi. Da a ce jami'in da ya rubuta takardar neman amincewa da ranakun hutun ya taɓa zama na awa ɗaya a gaban mai koyar da ilimin falaki, da tun farko Laraba da Alhamis zai rubuta.

Wannan ƙaramin misali ne na abin da rashin sanin sararin sama ke jawo wa ƙasa. Maganinsa kuma ba ya bukatar biliyoyin naira. Abin da ake bukata shi ne wuri tsayayye da lokaci sananne, inda malami zai tsaya a fili da na'urar hangen nesa, ya yi wa jama'a bayani cikin harshen da suke ji, sannan kowa ya sa idonsa ya gani. A duk garuruwan da ke kewaye da Abuja, Minna ce ta fi cancantar a fara wannan aiki a cikinta.

Ilimin taurari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. Matafiyi ya san Gamzaki, tauraron asuba. Yara sun tashi suna jin ana kiran Zara matar wata. Malaman zaure sun raba shekara zuwa taurari 28, bakwai ga kowane yanayi, kowanne da kwana 13, ban da guda ɗaya mai kwana 14 wanda ke cike lissafin ya zama 365. Har yanzu akwai dattawan da za su lissafo taurarin damina, daga Haƙa'a da Hana'a da Zira'a zuwa Nasara da Ɗarfa da Jabaha, su faɗi wanda ake shuka a cikinsa da wanda ruwa ke yin nauyi. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a can saboda zurfinsa a lissafi da ilimin taurari. Wannan gado yana hannun tsofaffi, kuma suna tafiya da shi ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya girma a Tunga ko Kpakungu a yau zai iya lissafo 'yan wasan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya, amma da wuya ya nuna tauraro guda ya kira sunansa.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma Najeriya ta taɓa ganin hakan a zahiri. A daren 9 ga Janairun 2001, lokacin da aka yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka fantsama kan titi suka ƙona otal-otal da mashaya, bisa zaton cewa zunuban da ake aikatawa a wuraren ne suka sa wata ya yi duhu. Alhali abin da ya faru shi ne inuwar duniya ta faɗa kan wata na ɗan lokaci, kamar yadda take yi lokaci zuwa lokaci tun da aka halicci duniya. Addini ma bai bar gurbin wannan zato ba. Sananne ne cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, Manzon Allah kuma ya gyara musu fahimta, ya nuna cewa rana da wata ayoyi ne na Ubangiji waɗanda ba sa husufi saboda mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umurce su da sallah da addu'a. Da an yi wa waɗancan matasa bayani mako guda kafin ranar, aka faɗa musu ƙarfe nawa abin zai fara da ƙarfe nawa zai ƙare, da sun tarbe shi a masallaci ko a ƙofar gida.

Gwamnatin tarayya ba ta yi sakaci da sararin samaniya ba ta fuskar kashe kuɗi. An kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Harkokin Sararin Samaniya, NASRDA, a 1999. A watan Satumban 2003 aka harba tauraron ɗan'adam na farko mallakar ƙasar, NigeriaSat-1, daga Rasha. A 2007 aka harba NigComSat-1 daga Sin, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa a Disambar 2011. A Agustan 2011 kuma aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa na biyun da hannunsu a Ingila. Hukumar na da hedikwata a Lugbe, tana da cibiyar nazarin taurari a Nsukka, garin da marigayi Farfesa Samuel Okoye ya dasa harsashin wannan fanni a jami'a. Duk wannan abin yabo ne. Amma mai sayar da doya a kasuwar Paiko, wanda da dukiyar ƙasarsa aka yi waɗannan ayyuka, bai taɓa samun wanda ya nuna masa duwatsu da ramukan da ke fuskar wata ba. Hukumar da talaka bai san amfaninta ba kuwa, ranar da aka zo rage kasafin kuɗi, ba ta da mai tsaya mata.

Akwai ma'aikatan hukumar da suka gane haka. Olayinka Fagbemiro da abokan aikinta na sa-kai sun daɗe suna ɗaukar na'urorin hangen nesa zuwa makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira. Abin da ya rage shi ne a fitar da irin wannan ƙoƙari daga hannun 'yan sa-kai kaɗai, a ba shi mazauni da jadawali da layi a kasafin kuɗi.

Dalilan da suka sa Minna ta dace suna da yawa. Na farko, tana da malaman. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke garin, wadda aka kafa a 1983, tana da sashen kimiyyar fiziks da na nazarin ƙasa da na safiyo, tana da harabobi biyu, ɗaya a Bosso cikin gari, ɗaya a Gidan Kwano kan hanyar Bida, inda fili ke da faɗi kuma fitilun gari ba su kai can sosai ba. Na biyu, hedikwatar Hukumar Shirya Jarabawa ta Ƙasa, NECO, a Minna take, ke nan duk darasin da aka gwada a garin yana kusa da idon waɗanda ke auna abin da ɗaliban sakandare suka koya. Na uku, garin cibiya ce ta ilimin addini mai buɗaɗɗiyar ƙofa ga ilimin zamani, albarkacin aikin da marigayi Sheikh Ahmad Lemu da marigayiya Hajiya Aisha Lemu suka bari. Na huɗu, tazararta da Abuja ba ta wuce kimanin kilomita 150 ba. Jami'in NASRDA zai iya barin Lugbe bayan sallar Juma'a, ya yi lacca bayan Magariba, ya koma gida da safe.

Sararin Minna shi ma yana da tasa baiwar. Garin yana kimanin digiri tara da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka mai kallo daga nan yana samun rabo daga taurarin arewa da na kudu. Tauraron arewa, wanda ayarin Azbinawa ke saita hanya da shi a Sahara, yana nan ƙasa-ƙasa, kimanin tsayin dunƙulen hannu daga inda sama ta haɗu da ƙasa. A daren Afrilu da Mayu kuma, idan babu hadari, ana ganin taurari huɗun nan na kudu masu siffar gicciye, waɗanda mazauna Landan ko Paris ba sa taɓa gani daga gida. Kusa da su akwai Alfa Sentori, maƙwabciyar rana mafi kusa da ido ke iya gani, wadda haskenta ke shafe sama da shekara huɗu kafin ya iso duniya.

Duhun dare kansa ya zama kadara a wannan zamani. Wani taswirar hasken dare da masana suka wallafa a 2016 ya nuna cewa kashi ɗaya bisa uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin kogin taurarin nan da ke ratsa tsakiyar sama, saboda fitilun birane sun dusashe shi, kuma Chadi na cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta. Namibiya ta mayar da hamadar NamibRand wurin da aka keɓe don kare duhun sama tun 2012, baƙi na biyan kuɗi su kwana a can don kallon taurari kawai. Saudiyya ta bi sahu a yankin AlUla. Minna ba hamada ba ce, ba za ta yi gogayya da sararin Agadas ko Bilma ba. Amma jihar da ke ɗauke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru za ta ci gaba da samun fitilu a tituna da unguwanni, kuma hakan ake fata. Idan tun yanzu masu tsara gari suka koyi sanya fitilar da ke haska ƙasa maimakon wadda ke watsa haske sama, an rage ɓarnar lantarki, an kuma bar wa yara samansu.

Tsarin daren ba shi da wuya. Sau ɗaya a wata, a Asabar ɗin da ta fi kusa da kwana bakwai ga watan Musulunci, lokacin da rabin wata ke tsaye a sama da Magariba kuma inuwar duwatsunsa ta fi fitowa. A fara da bayani na minti talatin da Hausa, tare da masu fassara zuwa Nufanci da Gbagyi da Turanci. Daga nan a shiga layi. Ƙaramar na'urar hangen nesa ta isa ta nuna zoben da ke kewaye da duniyar Zuhal, da watanni huɗu na duniyar Mushtari waɗanda Galileo ya fara gani a 1610, da yadda Zara ke raguwa tana cika kamar wata. A gayyato dattijo guda daga cikin masu lissafin taurarin noma ya zauna gefen malamin jami'a, kowa ya faɗi sunan da ya sani, ɗalibai su rubuta. Kafin ƙarfe tara an tashi. Kuɗin na'urori biyar masu kyau da majigi da kujeru bai kai na motar ofis guda ɗaya ba.

Wasu darussan ma ba sa bukatar dare. Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba: a ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar sandar da aka kafa a tsaye kuma tana nuna bayanta. Mazaunin Minna da ya gwada zai ga cewa alƙiblarsa ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da kimanin digiri 24. Sanda ɗaya da agogo sun isa kwamitin masallaci ya duba sahunsa, sun kuma isa ajin firamare ya fahimci cewa duniya dunƙulalliya ce.

Akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na gaba shi ne tsaro. Jihar da aka sace ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021, aka kwashe yaran Islamiyya a Tegina a Mayun shekarar, ba wurin da za a tara yara a daji da dare ba ne. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a kai su ƙauyukan Shiroro ko Munya. Amma wata da Zuhal da Mushtari suna da hasken da ake ganinsu ko daga tsakiyar gari. Harabar Bosso ta isa, filin makarantar sakandare mai katanga ya isa. Fita da iyali bayan Magariba zuwa taron ilimi a cikin gari ma wata hanya ce ta ƙwato dare daga hannun tsoro.

Na biyu shi ne fargabar da wasu malamai ke da ita cewa zancen taurari ƙofa ce ta duba da bokanci. Wannan fargaba tana da asali, malaman Daular Usmaniyya ma sun yi gargaɗi a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar taurari. Sai dai su ɗin dai sun yi amfani da lissafin sama wajen sanin lokutan sallah da alƙibla da yanayin shuka. Mai duba yana cewa tauraro kaza zai kawo wa wane arziki. Masanin falaki yana cewa wata zai faɗi ƙarfe kaza, kowa kuma na iya fita ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi. Hanya mafi sauƙi ta kashe kasuwar na farko ita ce a yawaita na biyu. Haka nan babu mai cewa lissafi ya maye gurbin ganin wata da ido, ko ya karɓe hurumin Sarkin Musulmi da kwamitinsa na duban wata. Lissafi yana faɗa wa mai duba inda zai kalla ne, da tsawon mintunan da yake da su, da daren da ganin ba zai yiwu ba. Watan Musulunci a matsakaici kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, kuma da wuya ido ya kama jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba. Garin da ke da matasa ɗari da suka san wannan, shaidar da za ta fito daga cikinsa ta fi ƙarfi, gardamar da ake yi kowace shekara kuma za ta ragu.

Na uku shi ne masu cewa mai jin yunwa ba ya kallon sama. Amsar tana Senegal. A can ƙungiyar masu sha'awar taurari ƙarƙashin Maram Kaire ta shafe shekaru tana zagaya garuruwa da na'urori. A 2018, da hukumar NASA ta Amurka ta bukaci a auna wani dutse mai nisa a ƙarshen dangin rana daidai lokacin da zai gitta gaban wani tauraro, sai ta kawo na'urorinta Senegal, 'yan ƙasar suka yi aikin tare da ita. Daga baya aka sa wa wani dutsen sararin samaniya sunan Kaire, a 2023 kuma aka naɗa shi shugaban sabuwar hukumar sararin samaniyar ƙasar. Ghana ta buɗe ɗakin nuna taurari a Accra a 2009, ta mayar da tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse na'urar sauraren taurari a 2017. Babu ɗaya daga cikin ƙasashen nan da ta jira sai ta gama da talauci. Injiniyan da zai kula da injinan Zungeru nan da shekara ashirin yana aji uku na firamare a yau, kuma wani abu ne zai fara ja masa hankali zuwa lissafi.

Na huɗu shi ne yanayi. Daga Yuni zuwa Satumba hadari ne, daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce. Wannan batu ne na jadawali kawai. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama kuma ƙura ba ta sauko ba, su ne lokacin da ya fi dacewa da babban taron shekara. A daren 13 da 14 ga Disamba akwai ruwan taurari masu wutsiya da ke zuwa kowace shekara. Daren da sama ta rufe kuma, a yi lacca da majigi a cikin ɗaki.

Aikin yanzu yana hannun waɗanda ke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. Mataimaki na musamman a Ma'aikatar Ƙirƙira, Kimiyya da Fasaha zai iya tsara yarjejeniyar shafi biyu tsakanin NASRDA da jami'ar Minna. Mai taimaka wa sanata ko ɗan majalisar wakilai daga Neja zai iya sanya na'urori biyar cikin ayyukan mazaɓa, kusa da kekunan ɗinki da baburan da aka saba rabawa. Jami'in TETFund zai iya nuna wa jami'ar ƙofar da za ta bi ta nema. Fadar Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruk Bahago, idan ta sa albarka, iyaye za su saki 'ya'yansu. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kuma za ta iya mayar da shi al'ada ta tuntuɓi kwamitin duban wata da masana falaki kafin ta fitar da ranakun hutun Sallah.

Lokaci ma ya riga ya tsayar da wa'adi. A yammacin 6 ga Fabrairun 2027 za a ga husufin rana mai siffar zobe a gaɓar tekun Afirka ta Yamma har zuwa Legas, dab da faɗuwar rana. A ranar 2 ga Agustan 2027 cikakken husufi zai ratsa arewacin Afirka, ya rufe rana na sama da minti shida a Luksor ta Masar, ya bi ta kan Jidda da Makka, Arewacin Najeriya kuma zai ga wani ɓangare nasa. Sai babban, ranar 20 ga Maris 2034, lokacin da inuwar wata za ta sauka a Legas da Benin da hantsi, ta ratsa ƙasar zuwa Kamaru da Chadi. Rabon Najeriya da cikakken husufin rana tun 29 ga Maris 2006, lokacin da duhu ya rufe Saki da Gusau da safe.

A ranar ta 2034 miliyoyin yara za su ɗaga kai. Wanda ya kalli rana kai-tsaye ba tare da tabarau na musamman ba zai iya ƙona idonsa har abada, wanda kuma ba a yi wa bayani ba zai karɓi duk labarin da ya fara zuwa wayarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman da za su tsaya a filayen makarantu su yi bayani a wannan safiya, yanzu ne ya kamata a fara horar da su, kuma filin Bosso yana nan a buɗe kowace Asabar bayan Magariba.